Kwana Shida a Gaban Tsintsiya

Zuwa ga Yayata, babbarmu kuma madadin uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙani yake durƙusawa ya yi wa babbar yaya, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara miki nisan kwana mai albarka, ya bar mana ke. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Uwar yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa a kan barin takalmi a tsakiyar ƙofa, wanda shi ne alamar ta samu sauƙi sosai. Matar ƙaninmu ta sauka lafiya, an samu mace, kuma kowa ya ga jaririyar sai ya ce hancinki ta ɗauko. Shagon gyaran agogona yana nan yadda kika san shi, sai dai an canja kwanon rufi, ruwa ya daina ɗiga mini a kan tebur.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaukar waya in kira ki, sai takarda kamar zamanin da. Dalili shi ne a waya kin fi ni baki. Kafin in kai rabin zance kin riga kin yanke hukunci kin shiga nasiha, ni kuma sai in manta abin da na kira in faɗa. A takarda kuwa dole ki haƙura in kai aya. Ki samu wuri ki zauna, don maganar tana da tsawo, kuma akwai wuraren da za ki so ki ja mini kunne.

Kin tuna yarjejeniyar da kika zama shaida a kanta wata uku da suka wuce. Ranar da na afka wa baron da aka ajiye a ƙofar gidanmu da rana tsaka, na kurje ƙwauri, sai 'yarki, wato babbar 'yata da muke kira Alƙaliya saboda ba a gardama a gidan nan ba ta yanke hukunci ba, ta zare makullin babur daga ƙusa ta jefa a jakarta. Ta ce shekara sittin da ɗaya ta isa, in haƙura da hawa haka nan. Ni kuwa shekara talatin da takwas ina kan babur, kuma na riga na sa sunana a gasar nan ta kwana shida, wadda na yi shekara ashirin ina cewa sai baɗi. Aka ajiye waya a tsakiyarmu kina ji, aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan magana ɗaya: in na gama kwana shidan ba a fitar da ni ba, makulli nawa ne, ba mai sake tayar da zancen, in kuwa na kasa, in miƙa shi da hannuna, ni da babur sai dai kallo. Alƙaliya ta yarda ne don ta tabbata bayana ba zai kai ni azahar ɗin ranar farko ba.

Bari in kwatanta miki gasar, don na san kina zaton tseren samari ne da ake ihu ana tafi. Mu tamanin da huɗu ne, da matasa da masu furfura, har da mata shida, kuma tafiyar ta ɗan haura kilomita dubu biyu, rabi kwalta, rabi burji da yashi. Ba wanda ya fi gudu ake nema ba, sai wanda bai ɓata ba kuma bai makara ba. Kowa yana da kati a aljihu, kowace rana akwai shinge huɗu inda ake buga wa katin hatimi, kuma kowane shinge yana da lokacin rufewa. Ba a sa alama a hanya, an kuma hana duba waya. Abin da ake ba ka kullum da safe doguwar takarda ce naɗaɗɗiya, ka sa ta cikin wani ɗan akwati mai gilashi a kan babur, kana tafiya kana murza ta da babban yatsa. A jikinta an rubuta nisan kowace mararraba da ƙananan lambobi, da ɗan zanen kibiya, hagu ko dama. A can bayan kowa kuma akwai wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya da ake kira Tsintsiya. Wanda baburinsa ya mutu, ko lokaci ya rufe a kansa, ko ya ɗaga hannu ya ce ya gaji, ita ke kwashe shi, kuma wanda ya taka bayanta sau ɗaya tasa ta ƙare.

Yanzu ga abin da ban faɗa miki ba ranar yarjejeniyar, ban kuma faɗa wa kowa ba a lokacin, har uwar yara. Yaya, baron nan ba ganganci ya sa na buge shi ba, ban gan shi ba ne. Shekara uku ke nan yanar ido ta fara rufe mini na dama, bara kuma na hagu ya soma bin sahu. Manyan abubuwa ina ganinsu, mota da bishiya da mutum in yana kusa, amma ƙananan rubutu sun zama tururuwa, kuma in rana ta haske ni gaba da gaba sai komai ya koma fari fat. A shago ina lallaɓawa da ɗan madubin nan na aiki da nake maƙalawa a ido, mai ƙara girman abu. Agogon mata masu ƙananan ƙusoshi kuwa sai in tura wa maƙwabcina in ce aiki ya yi mini yawa. Ko wannan takardar, in kin lura da girman rubutun, ba don in taimaki idonki na yi ba.

Za ki tambaya yaya aka yi likitan gasar ya bar ni na wuce. Nan ne wurin jan kunne na farko. Ranar tantancewa aka jera mu a benci a wani dogon ɗaki, allon haruffa yana manne a bango, kowa ya zo sai ya rufe ido ɗaya ya karanta da ƙarfi. Mutum goma sha ɗaya ne a gabana. Kin san ni da hadda tun muna makaranta. Kafin layi ya zo kaina na haddace allon daga sama har ƙasa, har da layin ƙarshe da samari biyu suka yi ta tuntuɓe a kansa. Na karanta tiryan-tiryan, likita ya dafa kafaɗata ya ce wa matasan su zo su ga ido irin na mutanen da. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, amma na karɓi hatimina na fita abina.

Dabarar da na shirya ita ce in samu wanda zan bi. Tun safiyar farko Allah ya haɗa ni da wani mai gidan burodi, mutum mai faɗin baya da fara'a, sanye da riga ruwan lemo da ko daga nesa ba ta ɓuya. Kowa Mai Burodi yake ce masa, ni kuma suka sa mini Baba Agogo. Na liƙe masa. Ya karya hagu in karya hagu, ya tsaya shan ruwa in tsaya, ina murza takardata don kada a gane, alhali ko lamba ɗaya ba na karantawa. Shi a zatonsa girmama iliminsa nake yi. Rana ta biyu ya karanta kibiya a juye, ya kai mu cikin wani filin buga bulo, muka yi ta zagaye ma'aikata suna mana dariya. Da muka tsaya ya tambaye ni me tawa takardar ta ce, sai na ce masa ai ni ba na yi wa jagora gyara. Ya ji daɗin maganar har ya ba ni rabin abincinsa.

Kwana ukun nan jiki ya gaya mini. Awa tara zuwa goma muke yi a kan babur kullum. Hannuwana sukan mutu har sai na yi ta yarfe su, wuyana ya riƙe saboda nauyin hular kwano, kuma in na sauka da yamma sai na ɗan jima a tsaye kafin ƙafafuna su tuna aikinsu. Ruwan sama ya yi mana dukan awa biyu, yashi ya kayar da ni sau uku. Masauki wani lokaci makaranta ce, wani lokaci babban sito, kowa ya yi shimfiɗa kusa da baburinsa, ya zuba wa sarƙa mai, ya duba taya. Amma Yaya, ban taɓa jin daɗin duniya irin na safiyoyin nan ba, sanda iska mai sanyi take shigowa ta hannun riga, inji yana kiɗa daidai, hanya ta miƙe ba kowa. A irin lokacin nan ba wanda ya isa ya ce mini tsoho. Kowace yamma Alƙaliya takan kira ta tambaya ko na gaji, ni kuma in ce mata yanzu ma na fara.

Rana ta huɗu da hantsi, wajen tsallake wani busasshen rafi, tayar gaban Mai Burodi ta nutse a yashi, ya wuntsila ya faɗi, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Na zauna da shi har motar asibiti ta zo, Tsintsiya kuma ta loda baburinsa. Yana kwance yana cije leɓe amma bai fasa ba ni umarni ba, wai in tafi kada lokaci ya rufe, yanzu ni zan riƙe mana suna. Na hau na yi gaba kamar mai abin yi, ban yi kilomita biyu ba na iske mararraba mai hanya uku. Sauran mahaya sun daɗe da wucewa, ƙasar kuma tsakuwa ce, ba ta riƙe sawun taya. Na duba takarda, sai tururuwa. Na waiga, ga Tsintsiya ta tsaya a baya kaɗan, direbanta ya kashe inji ya ɗora haɓa a kan sitiyari. Doka ta hana shi nuna wa kowa hanya, ta kuma hana shi ɗaukar wanda lokacinsa bai cika ba, sai in mutum ya ɗaga hannu. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, kuma ba zan ɓoye miki ba, hannun nan nawa ya fara neman tashi da kansa.

Sai na tuna madubin aikina yana aljihun ƙirji, don shekara arba'in ban taɓa fita babu shi ba. Na kashe inji don takarda ta daina rawa, na ɗage gilashin hula, na maƙala shi a idon hagu na sunkuya. Lambobi suka fito tar. Na karanta layi huɗu, na haddace, na mayar da su waƙa: biyu da rabi hagu, huɗu dama bayan gada, ɗaya da kwata miƙe, shida hagu wajen rijiya. Saura matsalar nisa, don mitar da ke ƙirga kilomita ita ma ƙananan lambobi ce. Nan sana'a ta yi mini rana. Allurar da ke nuna gudun babur babba ce, ina ganinta, sai na yanko farin salatif na manna a kan sittin, na manna wani a kan talatin. Mai tafiya a kan sittin, kilomita ɗaya minti ɗaya ne, a kan talatin kuma minti biyu. Daƙiƙa kuwa ba sai na duba agogo ba, shekara arba'in tana bugawa a kunnena. Haka na kama hanya, ina riƙe allura a kan salatif, baki yana waƙa, zuciya tana ƙirga. In layi huɗu suka ƙare in tsaya, in kashe, in maƙala madubi, in ɗebi wasu huɗu. Ranar na tsaya sau talatin da ɗaya, na ɓata sau biyu na dawo, kuma na shiga shingen ƙarshe saura minti tara a rufe.

Direban Tsintsiya dogon mutum ne siriri, sa'ana ko ya ɗan girme ni, ba shi da yawan magana. Da yamma ina zuba wa sarƙa mai ya zo ya tsuguna kusa da ni ya miƙo mini ruwa. Ya ce shekara tara yana sharar wannan hanya, ya ga masu kuka, ya ga masu ƙaryar ciwon ciki, amma bai taɓa ganin mai karanta hanya da idon agogo ba. Ya ce doka ba ta hana madubi ba, saboda haka ba zai kai ƙarata ba, amma ya gane abin da ke damuna, kuma daga gobe zai matso kusa da ni sosai. Ya ƙara da cewa in kaina kaɗai zan fasa, wannan tsakanina da iyalina ne, amma ranar da ya ga zan taɓa wani, shi da kansa zai gindaya mini mota. Na ce masa na yarda, don gaskiya ya faɗa.

Rana ta biyar ita ce mafi tsawo, kuma rabinta na ƙarshe yamma muka fuskanta. Saboda tsaye-tsayena na makara, har la'asar sakaliya ta same ni a hanya, rana ta sauko daidai fuskata. Komai ya koma fari. Na rage gudu ina bin gefen kwalta, a haka na shiga bakin wani ƙaramin gari wanda masaukinmu yake a ɗaya ƙarshensa. Na ga wani abu siriri a tsaye na ɗauka turken lantarki ne, sai na ji Tsintsiya ta danna oda da ƙarfi a bayana. Na damƙe birki na kauce. Ashe mace ce za ta tsallaka, ɗauke da bahon wanki a ka. Hannun babur ya shafi gefen zaninta, ta yi baya, kayan da ta wanke suka zube a ƙasa. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai ta buɗe mini wuta, ta ce 'ya'ya huɗu ta bari a gida, ta tambaye ni da ƙarfi ko makaho ne ni. Yaya, an sha zagina a hanya, kuma kullum ina da amsa a bakin harshe. Wannan karon durƙusawa na yi ina tsince mata kaya ina ba ta haƙuri, don tambayar da ta yi ba zagi ba ce.

Da na ɗago, direban ya riga ya sha gabana da mota, ya sauke katakon da ake hawar da babur ta kansa, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Na tambaye shi saura nawa zuwa shinge, ya ce kilomita uku da ɗan wani abu, kuma saura minti hamsin. Na tambaye shi ko doka ta ce lallai sai inji yana aiki, ya ce abin da ta ce shi ne mahayi da baburinsa su iso tare. Sai na zare makulli na miƙa masa ya riƙe. Na ce ba zan ƙara tayar da inji a cikin mutane da wannan idon ba, amma katakon nan ma ba zan taka shi ba. Na cire hula na rataye, na kama babur na fara turawa, ga kaya, ga garin hawa ne. Mutane suka fito ƙofar shaguna suna kallon tsoho yana tura lafiyayyen babur, babbar mota tana rarrafe a bayansa.

A cikin turin nan ne na yi wa kaina maganar da na yi shekara uku ina gudu. Ke kaɗai za ki gane dalilin da ya hana ni zuwa asibiti. Ni ne na lallashi Baba ya yarda a yi masa aikin ido, ni na raka shi, na ce masa kwana uku zai koma karatunsa. Aka kwance bandeji, ya yi ta juya kai yana tambaya ko ba a kunna fitila ba ne. Ni na koma wajen aikina, ke kika yi shekara tara kina riƙe da hannunsa, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ƙofa, kuma ko sau ɗaya ba ki taɓa ce mini laifina ne ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na gwammace in yi kilomita dubu biyu da rabin ido da in kwanta minti ashirin a gaban likita, kuma saura ƙiris tsorona ya mayar da yara huɗu marayu. Ina turawa ina zufa ina hawaye, ban san wanne ya fi zuba ba. Na isa shinge saura minti biyu, aka buga hatimi, na zauna a ƙasa a wurin don ƙafafuna sun ƙi kai ni ko'ina.

Rana ta shida ban tashi ba sai da na kai wa direban takardar ranar, ba don ya nuna mini hanya ba, sai don mu ga ko akwai mutane a kanta. Gajeriya ce, kilomita ɗari da arba'in, cikin fili da tsofaffin hanyoyin fasa dutse inda ba gari ba ƙauye, kuma rana za ta kasance a bayana. Na gaya masa na riga na yanke, ko na gama ko ban gama ba, cikin makon nan zan kai kaina asibitin ido. Sai ya zaro makullin daga aljihu ya ba ni. A kan talatin na yi kusan duk hanyar, ina waƙata ina ƙirgata. Mu hamsin da bakwai muka gama, kuma ni ne na hamsin da bakwai. Sanda na iso har an fara tattara kujeru, ga Mai Burodi da hannu a rataye yana gaya wa kowa shi ya koya mini karatun hanya.

Alƙaliya ta zo da uwarta. Ta karɓi katin ta ƙirga hatimi ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kika san ta, sannan ta durƙusa ta ce ta sha kaye, makulli nawa ne, ba za ta sake ɗaga zancen ba. Na ci yarjejeniya, Yaya, kuma da na sa makullin a aljihu na yi shiru, shi ke nan an wuce wurin. Sai na miƙa mata lambar yabon da aka rataya mini a wuya na ce ta karanta mini abin da aka rubuta a jiki. Ta ce in karanta mana da kaina, ai ga shi ɓaro-ɓaro. Na ce mata ba zan iya ba, na gaya musu komai a tsaye a wurin. Uwar yara ta ce ita dama ta daɗe da lura ina laluben bakin kofi kafin in zuba shayi, jira take ta ga ranar da zan gaji da ƙarya. Alƙaliya kuwa awa guda ba ta yi mini magana ba, da ta fara kuma sai da ta yi awa biyu. Na nemi likitan gasar shi ma na gaya masa gaskiya na ba shi haƙuri, na ce in shugabanni sun so karɓe lambar ba zan yi musu ba. Babur ya koma gida a bayan Tsintsiya, ni kuma a kujerar gaba, da ƙafata na hau.

To, ga inda aka kwana. Na je asibitin, wata likita ta duba ni ta ce yana ce kawai, jijiyar idon lafiya lau take, kuma aikin yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne. Kunnena ya ji, amma tsorona bai ji ba. An sa ranar Talata, sha huɗu ga watan gobe, za a fara da na dama. Makulli yana jakar Alƙaliya, ni na sa shi da hannuna, kuma tunda ke ce shaida ina so ki riƙe wannan da kyau: ajiya na ba ta, ba kyauta ba. Ranar da likita ta ce idona ya isa hanya zan karɓi abina, in kuma ta ce bai isa ba, ba zan yi gardama da kowa ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in fasa zuwa. Ko da kyarma na wayi gari, zan shiga ɗakin nan in kwanta.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babban ɗanki Injiniya da matarsa, da Auta, da tagwayen jikokinki, ki ce musu kakansu na nan bai manta da su ba. Uwar yara tana gaishe ki ƙwarai, haka ƙaninmu da mai jego. Alƙaliya ma tana gaisuwa, ta ce in gaya miki ta ajiye miki rabin faɗan, don ita kaɗai ba za ta iya gamawa ba.

Roƙona guda ne. Na san hanya da nisa, na san halin da gwiwarki take ciki, kuma ban taɓa ce miki ki zo ba sai yau. Ki zo, Yaya. Ina so ki kasance a ɗakin sanda za a kwance bandejin. In Allah ya sa na gani, fuskarki nake so in fara gani, in nemi gafararki ido da ido. In kuma ya ƙaddara akasin haka, ke ce kika san yadda ake riƙe hannun mutum a fito da shi daga wurin nan ba tare da ya ji kunya ba.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙaninki mai taurin kai,
Mai gyaran agogo